Kakar Jan Inabi a Shekarar da Ruwa Ya Yanke

A watan Janairun 2018 hukumomin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka fito fili suka faɗa wa jama'a ranar da za a rufe famfo. Suka ce muddin ruwan manyan madatsu shida da ke shayar da yankin ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, to daga 12 ga Afrilu mutum kusan miliyan huɗu sai dai su bi layi da jarka, kowa ya karɓi lita 25 a rana. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50, a ciki zai sha, ya yi girki, ya yi wanka da wanki. Shekara uku ke nan a jere, 2015 da 2016 da 2017, ruwan sama yana zuwa a taƙaice. Manoma kuwa tun kafin nan an riga an zaftare musu kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da suka saba samu. Ina can a lokacin, a garin Stellenbosch mai nisan kilomita 50 gabas da birnin, ina karatun digiri na biyu a fannin ƙasa da ban-ruwa, kuma a gonakin jan inabi nake yini.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne. Duk wanda ya san Kudan ya san rumfunan inabin da manomanta suke kafawa, inabin ci wanda ake kaiwa kasuwanni cikin rani. Abin da ya tura ni ƙarshen kudancin nahiyar nan tambaya ce guda da na ga tana damun manomanmu: ruwa nawa itacen inabi yake bukata, kuma a wane lokaci? A yankin Cape an haura shekara 350 ana wannan noma, tun 1659 da Turawan Holan suka matse inabinsu na farko a wurin, kuma mafi yawan abin da suke nomawa giya ake yi da shi. Da na gaya wa mahaifina haka, ya jima bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Itacen halittar Allah ne. Je ka koyo itacen, ka bar musu kwalbarsu." A kan haka na tafi, a kan haka na dawo. Duk abin da zan faɗa game da waɗannan ire-iren inabi, na san shi ne ta ganye da saiwa da ƙwayar da na tsinka na tauna a gona.

Lokutan shekara a can a juye suke da namu. Ruwa yana sauka ne cikin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da itacen ya zubar da ganye yana hutawa. Sai ya toho a Satumba, ya yi fure, sannan 'ya'yan su nuna cikin zafi da bushewa, daga Janairu zuwa ƙarshen Maris. Ke nan a daidai lokacin da ya fi bukatar ruwa, da ƙyar sama ke ba shi ɗigo. Abin da zai sha bai wuce biyu ba: wanda ƙasa ta adana daga ruwan sanyi, da wanda manomi ya tara a madatsa. A wannan shekara duka biyun sun gaza. Ga kuma iskar kudu maso gabas da suke kira Likitan Cape, tana kaɗawa kwana da kwanaki, tana tsotse ɗan damshin da ya rage.

Gonar da aka tura ni tana gindin dutsen Simonsberg, a kan jar ƙasa mai zurfi wadda ruɓaɓɓen dutse ya haifar, da laka a can ƙasanta. Aikina shi ne auna ƙishirwar itatuwa. Da tsakar rana nakan shiga layi, in rufe ganye guda da jaka mai ƙyalli, in bar shi kamar awa ɗaya, sannan in yanke shi in sa cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe, karansa yana leƙe a waje. Sai in riƙa sakin iskar gas a hankali har ruwa ya ɓullo a bakin karan. Gwargwadon matsin da aka sha kafin ruwan ya fito, gwargwadon wahalar da itacen yake ciki.

Shugaban ma'aikatan gonar dattijo ne da ya haura sittin. A gonar aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kowa Oom yake ce masa, wato kawu, shi kuma boetie yake kirana, ƙane. Ba ya riƙe na'ura. Sai ya duba kan reshe ya ga ko yana ci gaba da tsawo ko ya tsaya, ya taɓa 'yan zaren da itacen ke kama waya da su ya ji ko sun yi yaushi, sannan ya ɗora tafin hannu a kan ganye. Ganyen da yake samun ruwa sanyi gare shi ko da rana ta take, wanda yake jin ƙishi kuwa ɗumi yake yi. Abin da ya faɗa da safe, sau da yawa shi tukunyata take tabbatarwa da rana. Daga bakinsa na fara sanin cewa kowane iri da halinsa.

Merlot ne ya fara nuna gazawa. Asalinsa ɗan Bordeaux ne ta ƙasar Faransa, inda ƙasa ke riƙe damshi, ganyensa faffaɗa, fatar ƙwayarsa ba kauri. Tun tsakiyar Janairu ganyen gindi ya fara yin ɗorawa yana zuba. Da ganyen ya zube, nonon inabin ya fito fili, rana ta gasa gefen da ke kallon yamma, ƙwayoyin suka ƙone suka yi tsami tun ba su nuna ba. Oom ya tsaya a bakin layin yana girgiza kai. Ya ce, "Wannan ɗan gata ne, boetie. Tun da aka dasa shi bai taɓa neman ruwa da kansa ba. Bututu yake jira." Gaskiya ya faɗa. Da muka haƙa rami a gindinsa, saiwoyin duk sun dunƙule a ɗan wurin da ruwan ɗigo ke jiƙawa, ba su nitsa ba.

Shiraz, wanda wasu ke rubutawa Syrah, nasa halin daban ne. Ɗan kwarin Rhône ne, ya saba da zafi, rassansa dogaye masu rinjaya ƙasa, nononsa dogo siriri. Daga nesa sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, domin ganyen kore shar. Amma shi iri ne da ba ya saurin rufe 'yan ƙofofin da ke bayan ganye, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu. Yana ta kashe ruwa kamar ba fari ake ba, har ƙasa ta ƙafe a ƙarƙashinsa. A makonnin ƙarshe sai ƙwayar ta fara motsewa, fatar ta yamutse, zaƙi ya haura, nauyi ya faɗi. Ko a shekarar lafiya Shiraz yakan yi haka kaɗan. A wannan shekara muna kallo amfanin gona yana raguwa a jikin itace tsakanin Litinin da Juma'a.

Cabernet Sauvignon shi ne ya fi kowane jan iri yawan fili a ƙasar a lokacin, Shiraz na biye da shi, sannan Pinotage da Merlot, a cikin sama da hekta 90,000 na inabin giya, wanda fiye da rabinsa ma farin inabi ne. Shi Cabernet ba ya ɓuya: ganyensa mai tsaga biyar ne masu zurfi, gefunan suna hawa juna har su bar huji a tsakani, ƙwayarsa ƙanana baƙi-ƙirin, fata mai kauri, in ka tauna iri da fatar sai bakinka ya yi bauri. Yana da juriya, sai dai yana da jinkiri. Shi ake tsinka a ƙarshe, can cikin Maris, saboda haka dole a raka shi da ruwa har ƙarshen zafi. Kuma shi ne ya fi kawo wa mai gona kuɗi.

A farkon Fabrairu madatsar gonar ta koma taɓo a gefe, ɗan ruwa a tsakiya. Mai gonar ya tara mu a inuwar rumbun kaya, ya shimfiɗa taswirar gonar a bayan mota. Ruwan da ya rage ba zai ishi kowa ba. Aka yanke cewa ƙananan dashe za su sha don kada su mutu, Cabernet ya sha don a kai shi gaci, Shiraz a ɗan tsaga masa. Wani yanki na Merlot kuwa aka ce a sare masa 'ya'ya, domin itacen da ba ya ɗauke da kaya ya fi iya kai ransa baɗi. Washegari mata suka shiga da almakashi suna yanke nonon inabi ɗanye suna zubarwa a ƙasa. Waɗannan matan ne suka yi masa aski cikin sanyi, su suka ɗaure rassansa, su suka rage masa ganye. A ranakun tsinka sukan yi waƙa suna zolayar juna daga layi zuwa layi. Ranar nan ƙarar almakashi kawai nake ji.

A can saman tudu, inda bututu bai taɓa kaiwa ba, akwai wani tsohon yanki na Pinotage. Ba waya, ba turke, kowane itace a tsugune yake shi kaɗai, rassansa sun yi masa laima suna inuwantar da 'ya'yansa da ƙasar gindinsa. Tun ƙarshen Janairu ya nuna. Nononsa ƙarami a cure, fatar ƙwayar da kauri, cikinta zaƙi. Da aka ɗiga ruwansa a ma'auni ya kai digiri 24 na sukari, aka tsinke shi tas kafin zafin Fabrairu ya tsananta. Sauran suna fama, shi ya riga ya sauke kayansa.

Pinotage shi kaɗai ne a cikinsu haifaffen ƙasar, kuma a garin da nake zaune aka haife shi. Abraham Izak Perold, farfesa na farko a fannin noman inabi a Jami'ar Stellenbosch, shi ya haɗa furen Pinot Noir da na Cinsaut, ya samu iri ƙwaya huɗu, ya shuka su a 1925 a lambun gidansa da ke gonar gwaji ta Welgevallen. A 1927 ya bar jami'ar ya koma aiki a Paarl, lambun ya zama kufai. Ana gab da share shi wani matashin malami, Charlie Niehaus, ya tuna da 'yan tsiron nan huɗu, ya cire su, aka kai su kwalejin noma ta Elsenburg, inda aka aura su a kan lafiyayyen gindi. A lokacin Hermitage ake ce wa Cinsaut a ƙasar, shi ya sa aka raɗa wa ɗan suna Pinotage. Sai a 1961 sunan ya fara hawa kwalba. Kullum na bi ta gefen Welgevallen a kan keke nakan tuna cewa irin da ake yi wa kallon tambarin ƙasa guda, saura ƙiris a kwashe shi da ciyawa.

Perold so ya yi ya haɗa martabar Pinot Noir da ƙarfin halin Cinsaut, kuma na samu ganin iyayen biyu. Pinot Noir na gan shi a kwarin Hemel-en-Aarde kusa da Hermanus, inda iskar teku ke sanyaya gonaki. Siririn fata gare shi, ba ya son zafi ko kaɗan, shi ya sa ba a cika dasa shi ba sai a irin waɗannan lungunan masu sanyi. Cinsaut kuwa sai da muka je Swartland na san ko wane ne.

Swartland ƙasar alkama ce a arewa da Cape Town, wajen Malmesbury da Riebeek-Kasteel, inda ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 500 ba ko a shekarar albarka. A watan Fabrairu gonakin alkama duk sun zama kara da ƙura. A tsakiyar wannan bushewa, a gangaren dutsen Paardeberg, sai ga gonakin Cinsaut da Grenache a tsugune, tazara mai faɗi tsakanin itace da itace, ba bututu ko ɗaya. Ganyen bai yi sheƙi ba, amma yana nan a jiki. Na tsinki ƙwayar Cinsaut, babba ce doguwa mai tsoka da ruwa, irin wadda za ka ci ka ƙara. Grenache kuma, kishiyar Shiraz, da ya ji ƙasa ta fara bushewa yake tsuke ƙofofin ganyensa ya riƙa shan ruwa da lissafi. Manomin wurin ya kai mu wani rami da ya haƙa. Na shiga ya shanye ni, saiwoyin kuma ba su ƙare ba, sun bi tsagar dutse sun yi ƙasa suna neman laimar da ta kwana tun ruwan sanyi. A cikin ramin nan na ga cewa abin da ke tsakanin Merlot da Cinsaut shi ne abin da ke tsakanin masara da gero.

Sai dai iri shi kaɗai bai isa ba, har da gindin da aka aura shi a kai. A 1886 aka gano wani ɗan ƙwaro mai suna phylloxera a Mowbray, wanda ke cin saiwar inabin Turai, ya kuwa hallaka gonakin Cape kamar yadda ya riga ya hallaka na Faransa. Maganin da aka samu shi ne aure: a dasa gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa, a ɗora masa reshen irin da ake so. Har yau kusan kowane itace a can mai aure ne. A cikin gindayen akwai masu nitsa saiwa su jure ƙishi, irin su Richter 99 da Richter 110, akwai kuma masu shimfiɗa saiwa a sama-sama. Iri ɗaya, gona ɗaya, amma ka ga layin nan a tsaye, na kusa da shi ya kwanta, kuma sirrin yana binne a ƙasa.

Cinsaut ya ga jiya ya ga yau. Shekaru masu yawa na ƙarni na 20 shi ne jan inabin da ya fi yawa a ƙasar, domin yana haihuwa ba ya gardama. Da kasuwa ta juya ga sunayen da aka fi sani a Turai da Amurka, aka raina shi, aka tuge shi hekta bayan hekta aka dasa Cabernet da Merlot da Shiraz. Abin da ya tsira sai a gonakin da masu su ba su da halin sake dashe. A Wellington har yanzu akwai gonar Cinsaut da aka dasa a 1900. Lokacin da nake can an fara bin irin waɗannan tsofaffin gonaki ana rajistarsu, duk wadda ta kai shekara 35 a ba ta shaida, bisa aikin da wata masaniyar inabi, Rosa Kruger, ta daɗe tana yi na nemo su. Ba wai tsofaffin ba su ji farin ba. Su ma amfaninsu ya ragu ƙwarai. Amma ba wanda ya yi fargabar za su mutu.

A hanyarmu ta zuwa wata gona wajen Villiersdorp muka tsaya a Theewaterskloof, babbar madatsar yankin, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 480. Abin da ya rage a ciki bai fi kashi goma da ɗoriya cikin ɗari ba. Muka taka a kan busasshen taɓo, iska na tayar da farin yashi. Matattun itatuwan da ruwa ya binne tun da aka gina madatsar sun fito, har da kututturan wata tsohuwar gonar inabi, a jere layi-layi yadda mai ita ya dasa su. Direbanmu ya cire hula ya riƙe a hannu har muka koma mota.

Tsinka tun duhun asuba ake farawa, don a kai inabi wurin matsa da sanyinsa. Motocin ɗaukar kaya sukan kawo 'yan ƙwadago daga Kayamandi da Mbekweni, yawancinsu mata, wasu daga Eastern Cape, wasu daga Lesotho da Zimbabuwe. A gonar da nake, bayan kuɗin yini, abin da ke ɗaga lada shi ne yawan akwatin da mutum ya cika. A nan na ga yadda fari guda ya zama abu uku ga mutum uku. Ruwan da ke cikin jan inabi ba ja ba ne, in ka matse ƙwaya a yatsa garai-garai yake fita. Launi da bauri da ƙanshi galibi a fata suke, shi ya sa ake barin fatar ta jiƙu cikin ruwan kwanaki. Idan ƙwaya ta ƙanƙance, fata ta yi yawa a kan ruwa. Saboda haka mai haɗa giya ya ɗebi 'yan ƙananan ƙwayoyin Cabernet a tafi yana murna, yana cewa bana kaya sun yi kyau. Mai gona yana tsaye a bakin sikeli yana kallon tan yana raguwa. Ita kuwa mai tsinka, nono ya yi sauƙi, akwati ya ƙi cika.

Wata mata da nake ce wa Sisi, mai 'ya'ya a makaranta can ƙauyensu, ta ɗaga mini wani nonon Shiraz da ya motse. Ta ce, "Duba, ɗan'uwa. Hannu ɗaya, sunkuyo ɗaya, rana ɗaya da bara. Amma abin da nake cikawa kafin azahar bara, bana sai la'asar." Kakar ma gajeriya ce, makonnin aikin da ta dogara da su don ciyar da gida har sanyi ya wuce sun ragu. Ta tuna mini da yajin aikin De Doorns na ƙarshen 2012, lokacin da ma'aikatan gonakin inabin ci suka tare babbar hanyar N1 suna neman a ɗaga ladan yini daga rand 69 zuwa 150. A Maris na 2013 gwamnati ta tsayar da shi a 105. Ta ce ƙarin ya taimaka, amma wanda aka sallama tun kaka ba ta ƙare ba, me ƙarin zai yi masa?

Oom ya lura ba na zuwa ɗakin ɗanɗano idan an gayyaci ɗalibai. Wata rana muna zaune a gindin itacen oak ya tambaye ni dalili, na gaya masa addinina ne ya hana. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ba ya sha, amma nasa dalilin mahaifinsa ne. A zamanin mahaifinsa ana biyan ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da giya, ana auna masa a gwangwani sau da dama a yini, abin da suke kira dop. Tun farkon shekarun 1960 doka ta haramta hakan, amma a wasu gonaki ya ci gaba har cikin shekarun 1990. Ya ce, "Boetie, ubana ya fi kowa iya aski a kwarin nan. In ya duba itace ya san reshen da zai bari. Amma bai taɓa kai ƙarshen wata da ko kwabo ba, kuma bai iya barin gonar ba, domin a nan ne kawai gwangwanin yake." Gyauron wannan al'ada yana nan a jikin yara. Binciken likitoci a garuruwa irin su Wellington ya nuna cewa yawan yaran da aka haifa da naƙasa saboda shan giyar uwa lokacin ciki yana cikin mafi muni da aka taɓa aunawa a duniya. Na ga irin waɗannan yara a bakin gidajen ma'aikata, ƙanana fiye da shekarunsu, kuma har yau idan an ambaci jan inabin Cape su ma suna faɗo mini a rai tare da ganye da saiwa.

Ranar Juma'a nakan yi salla a masallacin garin, cikin Musulmin Cape, waɗanda kakannin da yawansu a ɗaure aka kawo su daga tsibiran Indunusiya da gaɓar Indiya. Bayi daga can da Madagaska da Mozambik su suka yi aikin gonakin inabin farko, har aka soke bauta a 1834. Kogin Eerste da ya ratsa Stellenbosch yana faɗawa teku ne a Macassar, kusa da kabarin Shehu Yusuf na Makassar, malamin da Turawan Holan suka koro zuwa Cape a 1694 ya rasu a 1699. A wannan bazara an rage ƙarfin famfunan alwala, mutane suna zuwa da alwalarsu daga gida, limamai suna tunatarwa cewa ɓarnar ruwa haramun ce ko a bakin kogi. An fita sallar roƙon ruwa a wurare da dama. A sahu ɗaya na tsaya da direban tarakta da malamin jami'a da mai gyaran bututu, kowa da abin da farin ya taɓa masa.

Ranar rufe famfo ba ta zo ba. Mutanen birni sun rage amfani da ruwa daga kusan lita biliyan 1.2 a rana a 2015 zuwa 'yan sama da miliyan 500. A watan Fabrairu manoman tuffa na yankin Elgin da Grabouw suka saki wa birnin ruwa kusan lita biliyan 10 daga madatsarsu. Aka yi ta ɗage ranar har aka janye ta. Amma gonaki sun riga sun biya. Inabin giyar da aka tsinka a 2018 ya gaza na 2017 da kusan kashi 15 cikin ɗari, yankin kogin Olifants da ke arewa ya fi kowa shan wuya, kuma hukumar noma ta lardin da Cape Town ke ciki ta ƙiyasta cewa guraben aiki wajen 30,000 ne suka salwanta a harkar noma. Ruwa ya dawo cikin azumi, ƙarshen Mayu da Yuni, kamar da bakin ƙwarya. Zuwa Satumba madatsun sun kai wajen kashi 70 cikin ɗari.

Da ruwan ya dawo, hirar gari ta koma kan wasu abubuwa. A gonar kuwa aka shiga da tarakta aka tuge yankin Merlot ɗin nan, domin da yawa daga itatuwan ba su farfaɗo ba. Mai gonar ya zauna da Oom, abin da ba a saba ba, suka taka filin tare, suka haƙa ramuka, sannan aka ba masu renon dashe odar Grenache da Cinsaut a kan gindin Richter 110, da tazara mai faɗi. Itacen inabi sai ya shekara uku kafin ya ba da amfani na kirki, kuma ana sa ran ya kai shekara ashirin da biyar ko fiye. Wanda ya dasa yau ya yanke wa 'ya'yansa da 'ya'yan ma'aikatansa hukunci.

Wannan shi ne abin da na dawo da shi, kuma shi nake faɗa wa duk manomin da ya zo mini da maganar kafa rumfar inabi don ya ga maƙwabcinsa ya samu. Ranar da rijiya ta ja baya, injin da bututu ba su da abin da za su yi maka, domin an riga an gama magana tun ranar dashe. Tun ran gini tun ran zane. Kafin ka sayi turke ko waya, haƙa rami ka ga zurfin ƙasarka. Tambayi sunan irin da za a sayar maka da gindin da aka aura shi a kai. Yi lissafin ruwanka da shekarar da ta fi kowace muni da ka taɓa gani, kada ka yi da ta bana. Tun dashe yana ƙarami ka riƙa ba shi ruwa mai zurfi da tazara, don saiwa ta koyi nitso. Ka saurari wanda yake yini cikin layi da almakashi, domin shi yake riga kowa ganin itace ya fara ƙishi. Kuma ka tsara ladansa yadda shekarar fari ba za ta sauka a kansa shi kaɗai ba, don idan nono ya yi sauƙi, guminsa bai ragu da ko ɗigo ba.